Agogon da na saya wa Hajiya ya auna hawan jinin filo

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin abin nan ku sa min baki, ni dai kaina ya kulle. Watan jiya na saya wa Hajiyarmu agogon nan na zamani mai tacin, a hannun wani yaro da ke shigowa layinmu da su iyafis da caja a tire, ya ce min yana auna hawan jini, yana auna suga, yana auna bugun zuciya, har da iskar da ke cikin jini wai. Hajiya dama shekara takwas ke nan tana kan maganin hawan jini, na ce to ai sauƙi ne ya zo, a huta da zaryar kemis. Sati uku cur agogo yana cewa 120/80, wani lokacin 118/79, Hajiya sai murna ta ce ai ta warke, ashe har ta ajiye maganin ba ta gaya wa kowa ba. Shekaranjiya kanta ya riƙa sarawa, ƙanwata ta kai ta aka ɗaura mata na dantse, 170 da ɗoriya. Daren jiya haushi ya sa na ɗauki agogon na ɗaura wa filo, wallahi tallahi ya ce 121/80, bugun zuciyar filo kuma 76. To tambayata, duka haka suke ne har masu tsadar, ko ni aka yi wa sakiyar da ba ruwa? Don yarana a gida sai cewa suke nan gaba ma agogo da tabarau ne za su kashe waya.

Mai Adaidaita: Hhhhh Alhaji ka yi haƙuri wallahi ba Hajiya nake wa dariya ba, Allah ya ba ta lafiya, amma filo mai zuciya ai sai a nemo masu ruƙiyya

Maman Biyu: Subhanallah. Ya jikin nata yanzu? Irin sa fa Baban Biyu ya kawo min, ni ma kullum lafiya lau yake ce min ko da ina jin jiri

Anti Nas: Ƙanena sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai don Allah gobe da sassafe ku kai ta asibiti likita ya gan ta, kada ku tsaya a kemis, kuma a gaya masa gaskiyar kwanakin da ta yi ba ta sha maganin ba. Mugun halin hawan jini shi ne ba ya sallama, mutum yana jin sa garau sai dai a ji ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, mun ga irin wannan ba adadi. Maganar suga kuwa ku cire ta a ranku gabaɗaya. A Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito ƙarara ta ce kada kowa ya yarda da agogo ko zobe da ya ce yana auna suga ba tare da an huda fata ba, ta ce babu ko guda ɗaya da ta amince da shi. In su Apple da Samsung da duk kuɗinsu ba su sa wannan a nasu ba, ta ina na kan tire zai iya? Ku ɗauka mai suga ne ya kalli lambar ƙarya ya yi wa kansa allurar insulin a kanta. Maman Biyu ke ma ki je a auna ki da na gaske, jiri ba abin wasa ba ne.

Mai Gyara: Alhaji da ka biyo ta wajenmu a Farm Centre kafin ka saya da ban bar ka ba. Bari na faɗi yadda abin yake, don kusan kullum sai an kawo min irin su. In ka juya bayan agogo za ka ga wata koriyar fitila tana ƙyaftawa. A na gaske fitilar nan haska fata take, jini kuma yana shanye koren haske, to duk bugawar da zuciya ta yi jini ya ƙaru a wuyan hannu sai hasken da ke dawowa ya ragu, akwai wani ɗan ido a gefen fitilar da ke karanta raguwar da ƙaruwar, da haka ake lissafa bugun. Shi kuwa ɗan kwafi na sha farke su da hannuna, wani fitilar ce kawai aka sa don ado babu idon sam, lambobin an rubuta su ne a ciki yana ta jujjuya maka su. Shi ya sa filo ma ya samu zuciya.

Hawan jini kuma wani zance ne daban, ko masu tsadar ba su gama da shi ba. Na Samsung yana ba da lamba, amma sai ka fara saita shi da na dantse, kuma duk bayan sati huɗu sai ka sake saitawa, ka ga ke nan ba ka rabu da na dantsen ba. Apple da suka sa nasu a 2025 ko lamba ba ya bayarwa, sai ya yi wata guda yana lura da kai sannan ya ce maka akwai alama je ka a duba ka. Wanda na san yana matse hannu da iska kamar na asibiti shi ne Huawei Watch D, shi madaurinsa ne yake kumbura. Bugun zuciya da ƙirga taku da barci, waɗannan kam na kirki suna ƙoƙari, tun 2018 ma Apple Watch yake ɗaukar hoton bugun zuciya da ake kira ECG.

Ɗan Kwari: Kai jama'a. Ashe fitilar biki na saya. Na gode Anti, gobe in sha Allahu za mu je.

Amaryar Bana: Nawa fa orijina ne, yayana ya aiko min, amma lokacin bikina da aka yi min baƙin lalle har wuyan hannu sai ya riƙa rikicewa, wani lokacin ya ƙi karantawa sam sai na matsar da shi sama. Ko lallen ne?

Mai Gyara: Zai iya zama shi ne amarya, tunda da haske yake aiki duk abin da ya tare hasken zai dame shi. Apple da kansu sun rubuta cewa zanen tatu mai duhu yana hana shi karantawa daidai. Su dai tatu suka sani ba su san lalle ba hhh

Anti Nas: Ba lalle kaɗai ba ma, fatar ita kanta. Ɗan abin nan da muke maƙala wa mara lafiya a yatsa don ganin oksijin, a 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun gano cewa a baƙar fata yana ɓoye ƙarancin iskar kusan ninki uku na yadda yake yi a farar fata, wato ya ce maka lafiya alhali iska ta yi ƙasa. Wannan na asibiti ke nan da aka shekara da shekaru ana amfani da shi. Shi ya sa ni duk wanda ya ce min nan gaba agogo zai zama likita sai in tambaye shi, a hannun wa aka gwada shi?

Kawu Mai Ritaya: Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni Seiko ɗin da ke hannuna tun ina aikin gwamnati na saye shi a Sabon Gari, ba batir ba caji, motsin hannuna ne abincinsa, ya ga auren 'ya'yana huɗu. Da na je Makka na ƙara da Al-Fajr saboda lokutan salla, shi ma sai ya fi shekara ban waiwayi batirinsa ba. Yanzu ku zo ku ce min in ɗaura abin da kullum dare sai na nema masa wuta kamar jariri, a garin da wutar ma sai an yi sa'a, waya na jiran caji, fitila na jira, fanka na jira, a ƙara da agogo. Sannan sau biyar a rana ina alwala ina fargabar ko ruwa ya shiga. Wai don ya gaya min na yi barci ko ban yi ba. Ni da na kwanta ban san na yi barci ba sai agogo ya faɗa min? Allah ya kyauta.

Ɗan BUK: Kawu da girmanku, haka fa aka ce lokacin da GSM ta shigo a 2001, wai ta masu kuɗi ce, yau mai rake ma taransifa yake karɓa. Maganar caji gaskiya ce ga Apple Watch, shi dama an daɗe ana masa gorin awa 18, amma su Huawei da Amazfit suna kai sati ko fiye, kuma na kirki alwala ba ta yi musu komai. Ni ma dai a ganina agogo ba shi ne labarin ba, mataki ne kawai. Labarin yana kan tabarau. Google sun fara a 2013 da Google Glass, dala 1,500, ya faɗi warwas saboda duk wanda ya saka sai ya zama abin kallo, har wasu gidajen abinci a Amurka suka hana shiga da shi. Amma da Meta, masu Facebook da WhatsApp, suka haɗa kai da Ray-Ban suka fito da nasu a 2023 a kan dala 299, sai ya zama tabarau ne kawai irin na gayu, ga kyamara ga sifika a kusa da kunne, ka amsa kira, ka ji karatu, ka tambaye shi mene ne wannan da nake kallo ya ba ka amsa. A Satumban 2025 suka fito da mai ɗan allo a cikin gilashin dama, dala 799, da wani abin ɗaurawa a hannu da ke gane motsin yatsunka. Nan da shekara goma wallahi waya a aljihu za ta riƙa kwana.

Kawu Mai Ritaya: Dala 799. Je ka Wapa ka tambayo canjin yau ka dawo mu ci gaba da magana, yaro.

Mai Adaidaita: Ni fa ta wani ɓangaren ina bayan ɗan makaranta. Mu da muke kan titi tun safe, babbar fargabarmu fito da waya ce, kana tsaye a danja ka ɗaga kira kafin ka ankara wani ya fizge ko ya nuna maka ƙarfe, kowa a Kano ya san zancen ƙwacen waya ba sai an faɗa ba. Tunda na sayi ɗan Oraimo ɗina waya tana ƙasan kujera a kulle, in kira ya shigo ko alat ina gani a hannu, fasinja ya ce ya tura in ɗan kalli hannu in ce sauka lafiya. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina. Bifi, wato hawan jini, da suga ban taɓa buɗe wajen ba ma

Maman Biyu: To in tabarau ya yawaita ai shi za su koma fizgewa, ga shi a fuska ko laluben aljihu ba sai an yi ba

Mai Adaidaita: Hajiya kin gama magana hhhh, a bar mutum da lalube a tsakiyar Kofar Ruwa

Amaryar Bana: Ni wallahi tabarau ɗin nan tsoro yake ba ni, kuma ba don kuɗinsa ba. Ku tuna yadda bikinmu yake. Ranar kamu ko wuni mata ne zalla a tsakar gida, kowa ta ajiye mayafi, ana rawa ana raha, wata ma ko ɗankwali babu. Yanzu haka da waya ma yaya aka ƙare, amma ita waya aƙalla in an ɗaga ta kina gani, ki ce ke ajiye, ko ki juya baya, ko ki ja gyale. A bikina sai da gwaggona ta tsaya a bakin ƙofa tana gargaɗin 'yan mata, duk da haka sai ga bidiyon wata matar yayanmu yana yawo a sitatus, rigimar da aka sha a gidanta Allah ne kaɗai ya sani. To in abin a fuska yake fa? Wata ta shigo da tabarau kamar na magani, ta zauna a gefe tana murmushi, ashe ɗauka take. Wa za ki ce wa ajiye? Ko mai gyaran wuta ko mai kawo ruwa da aka yi wa izini ya shigo cikin gida. Ko ɗakin haihuwa, ko wajen kitso. Mu dai mata mu ne za mu fara shan wahalar abin nan kafin kowa.

Ɗan BUK: Anti akwai fitila fa a jikinsa, in yana ɗauka wata farar fitila tana kunnuwa a gefen gilashin, kuma kamfanin ya yi shi yadda in ka rufe ta zai ƙi ɗauka.

Amaryar Bana: Fitilar da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, da ranar Kano tsaka wa zai gan ta? Kuma kakata ta san ma'anar farar fitila a tabarau?

Mai Gyara: Ƙyale shi amarya. Ɗan makaranta kai kana maganar orijina ne, ni kuma ina maganar abin da zai cika kasuwa. Duk abin da ya fito yau, wata shida ka ga ɗan kwafinsa a kwali-kwali, kuma mai yin kwafi da ya sa fitilar ƙarya a agogon Hajiya kana ganin shi ne zai damu da fitilar gargaɗi? Tabarau mai ɓoyayyiyar kyamara da biro mai kyamara ai sun daɗe ana sayarwa, bambancin kawai yanzu an haɗa su da intanet.

Malamin Sakandare: Bari in ƙara muku wani. A Oktoban 2024 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Harvard sun haɗa tabarau ɗin Meta da wani shafi mai binciko fuska a intanet, suka riƙa kallon baƙin mutane a tashar jirgin ƙasa, cikin ɗan lokaci sunan mutum da adireshinsa su fito musu a waya, har su je su gaishe shi da sunansa kamar sun san shi. Ba su saki manhajar ba, sun ce don su nuna haɗarin suka yi. To ku auna wannan da halin da muke ciki na masu garkuwa da 'yan damfara, ga mu da son zuba hotuna a Facebook, na ɗaurin aure, na sabuwar mota, na yara da yunifom ɗin makarantarsu. Agogon ma ba a bar shi a baya ba, a ƙarshen 2017 wata manhajar masu motsa jiki mai suna Strava ta fitar da taswirar inda mutane ke gudu, a farkon 2018 sai ga sansanonin sojan Amurka na ɓoye sun bayyana saboda sojojin suna zagaye da agogo a hannu. Mu a makaranta tuni agogon ya zama mana aiki, yaro ya ɗauki hoton littafi ya zuba a ciki, shi ya sa JAMB ma ba ta yarda a shiga ɗakin jarrabawa da agogo. Na tabarau kuma ban san yadda za mu yi da yaron da ya ce na magani ne ba.

Malam Na Islamiyya: Assalamu alaikum. Abin da 'yar'uwa ta faɗa shi ne ƙashin bayan zancen. Mu tarbiyyarmu an gina ta a kan sallama da neman izini, shi ya sa aka yi zaure, shi ya sa ake rubuta ba shiga a ƙofa, kuma an hana mu leƙen asirin juna. Wanda aka ba izinin shiga, idonsa aka ba, ba a ba idon duniya ba. Na'urar ba ta da laifi a kan kanta, amma ina ganin kamar yadda muke cire takalmi a bakin ɗaki, wata rana sai an koyi cire irin wannan tabarau a zaure, kuma mai gida yana da haƙƙin ya ce a cire ba tare da an ji haushi ba.

Ɗan BUK: Malam na yarda da wannan. Kuma akwai doka ai, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, har da hukumarta NDPC.

Maman Biyu: Doka tana Abuja, bidiyo yana sitatus. Kafin a kai ƙara aure ya mutu

Yayan Makaho: Ku yi haƙuri in shigo, tun ɗazu nake karantawa. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne amma akwai waɗanda ba a tuna da su ba. Ƙanina ido ya tafi tun yana firamare, ya yi karatu a Tudun Maliki, yanzu yana da sana'arsa yana da iyali, wayarsa tana karanta masa saƙo da murya ya fi ni iya latsa ta ma. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya ƙananan abubuwa ne, takardar magani, wane kuɗi aka miƙo masa dubu ce ko ɗari biyar, wace adaidaita ce ta tsaya, kullum sai ya nemi wani. Akwai manhajar Be My Eyes da yake amfani da ita, ya kira wani mai gani ya nuna masa abu da kyamarar waya, amma hannu ɗaya sanda hannu ɗaya waya, a titin Kano kuwa kun san sauran. Tun 2024 aka haɗa manhajar nan da tabarau ɗin Meta, wato inda ya juya fuska nan mai taimakon yake gani, hannunsa a sake. Da na gaya masa shiru ya yi ya ce Yaya nawa ne. Don haka in za a ce a cire a zaure ni ban ƙi ba, amma don Allah kada a mai da duk mai sanye da shi ɗan leƙen asiri, wani idonsa ne.

Anti Nas: Allah sarki. Wannan gaskiya ne, kuma haka masu matsalar ji, a 2024 an amince wa AirPods Pro 2 ya yi aikin na'urar ƙara ji a Amurka. Tsofaffi da yawa kunyar saka na asibiti suke, amma abin da jikokinsu ke sakawa don gayu ba za su ji komai ba.

Amaryar Bana: Yaya ka yi haƙuri wallahi ban kawo wannan a raina ba. Allah ya hore a saya masa. Amma shi ai an san shi, in ya shigo an san dalili

Yayan Makaho: Ba komai ƙanwata. Matsalar ma da ta fi kuɗin ita ce yare. Abin da Turanci ake masa magana, fassarar da yake yi nan take ma da Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci aka fara. Ƙanina yana jin Turanci, amma abokansa da yawa ba sa ji. Hausa tana Google Translate tun 2013 amma har yau in ka yi wa waya magana da Hausar Kano sai ta rubuta maka shirme. Ranar da makaho zai ce wa tabarau karanta min takardar nan ya karanta masa da Hausa, ranar zan ce abin ya iso garinmu.

Mai Gyara: Ni kuma ga inda nawa tsoron yake a matsayina na mai gyara. Waya in ta lalace muna canza sikirin, mu canza batir, mu canza wajen caji, ta ƙara shekara uku a hannun talaka, da haka Tecno da itel suka zauna da gindinsu a nan. Su kuwa waɗannan ƙananan an liƙe su da gam ne, batirin kamar ƙwayar magani, in ya mutu yawanci shi ke nan. Ga zafi, Apple sun rubuta agogonsu ya fi son daga 0 zuwa 35 a ma'aunin zafi, mu kuwa watan Afrilu 40 muke wucewa, ka ɗaura shi kana kan babur da azahar batir ya riƙa kumbura. Sannan wasu ransu ba a hannunka yake ba, yana can a kwamfutocin kamfani. Akwai wani ɗan maƙalawa a riga da ake kira Humane AI Pin, ya fito a 2024 a kan dala 699 ana ta kururuwar shi ne zai binne waya, shekara ba ta cika ba a Fabrairun 2025 kamfanin ya sayar da kayansa ga HP aka kashe sabis, duk wanda ya saya ya tashi da ɗan ƙarfe a hannu. In Ba'amurke ya yi asarar nan ya share, mu fa?

In kuna son ku san abin da zai karɓu a Kano ku zo ku ga abin da ke ƙarewa a shago. Zoben tasbihi. Ɗan zobe mai ƙirga zikiri da ɗan allo, wani har yana girgiza in lokacin salla ya yi, kafin azumi ba ma iya ajiye shi, hajiyoyi da alhazai su ne masu saye ba 'yan gayu ba. Ba wanda ya yi masa talla da Turanci, kawai ya dace da abin da mutane suke yi dama.

Kawu Mai Ritaya: To ka ji magana. Wannan zoben kam jikata ta kawo min kuma ina amfani da shi, ban ƙi gaskiya ba.

Ɗan BUK: Hhhh Kawu ashe kun shigo zamani ta ƙofar baya, shi ma fa caji ake masa

Kawu Mai Ritaya: Sau ɗaya a sati, kuma bai taɓa ce min na warke ba. Ka iya bakinka.

Admin: Ɗan BUK a riƙa sassautawa da manya don Allah. Kuma masu turo min tallan agogo ta bayan fage tun da aka fara zancen nan, ba a talla a gidan nan sai ranar Asabar.

Ɗan BUK: Afuwan Kawu, wasa nake. Amma ina nan a kan bakata, yaran da ake haifa yanzu ba za su san zaro waya daga aljihu ba.

Malamin Sakandare: Wataƙila a can. A nan ina ga waya za ta daɗe, don duk waɗannan da ita suke jingina, agogon Mai Adaidaita ma in wayar ta mutu ai ya koma agogo kawai.

Ɗan Kwari: Salam jama'a, na dawo da rahoto. Mun je asibiti jiya, likita ya yi wa Hajiya faɗa sosai ni ma na samu rabona, an mai da ta kan magani an ce mu dawo bayan sati biyu, kuma na sayi na dantse mai batir ƙanwata ta koyi ɗaurawa, safe da yamma tana rubutawa a littafi. Sai dai fa Hajiya ta ƙi ba da agogon. Ta ce hoton jikanta ne a fuskarsa, kuma in tana kicin waya tana ɗaki shi ke girgiza ya gaya mata ana kira. Na nuna mata zancen filo ta yi dariya har da hawaye, amma ɗazu na leƙa na gan ta tana danna wajen bifin a ɓoye. Mai Gyara don Allah ba yadda za a yi a cire wannan shafin kawai a bar mata sauran?

Anti Nas: A cire kam in zai ciru, don in na dantse ya ce 160 na hannu ya ce 120, na san wanda zuciyarta za ta zaɓa.

Mai Gyara: Wasu ana iya ɓoye shafin ta cikin manhajar da ke wayar, wasu kuma a ƙulle yake ba ya taɓuwa, sai na gani. Kawo shi gobe bayan la'asar, ka haɗo da wayar Hajiyar da cajarsa. In ya ƙi akwai masu arha da ba su da wajen bifin sam, sai mu mayar mata da hoton jikan a kai.